An Ci Moriyar Ganga

Ina cikin yaran da suka jefa wa Baba Soja nokawut, don haka duk wata tsawa da zan yi a nan a kaina ta fara sauka. A Herwagana ne, wajejen ƙarshen shekarun 1980, da daren jajibirin ƙaramar Sallah. Baba Soja yana gadin wani shagon hatsi a bakin layinmu. Ba mu san sunansa na yanka ba, kamar yadda ba a sanin na kowane tsohon soja a unguwa. Yana da benci da tocila da wata tsohuwar rigar sanyi ruwan ƙasa wadda ko a zafin Afrilu ba ya raba ta da jikinsa. Muka laɓe a bayan buhunan masara, babbanmu ya ƙyasta ya wurga, abin ya fashe dab da ƙafarsa. Kafin ƙarar ta lafa mutumin nan mai kusan shekara hamsin ya riga ya kwanta rub da ciki a ƙarƙashin benci, hannuwa a ƙeya, yana kiran sunan wani da ba mu sani ba, yana ce masa ya sunkuya. Da ya miƙe, wandonsa a jiƙe yake. Muka yi ta dariya har da faɗuwa. Manyan da ke zaune a teburin mai shayi su ma suka dara, ɗaya ya ce, "Ku ƙyale shi haka nan, hayaƙin bindiga ne ya taɓa masa kai."

Da labari ya isa gida na sha duka. Amma dalilin dukan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai yanzu. Innata cewa ta yi, "Ka ci gaba da tsokanar mahaukaci, ran da ya karya ka sai ka zo ka same ni." Tsoron kada ya ji mini ciwo ne ya sa ta ɗauki tsintsiya. Shi kuwa abin da muka yi masa bai shiga lissafin kowa ba.

Sai da na girma na fara zama da shi na ji guntayen labarinsa, shi ma da ƙyar. Ya shiga soja yaƙin basasa na farawa a 1967, ya faɗa runduna ta biyu wadda Murtala Muhammed ke jagoranta, yana kuma cikin waɗanda aka loda a jiragen ruwa daga Asaba don tsallaka kogin Kwara zuwa Onica a watan Oktoban shekarar, aka yi musu ruwan wuta a tsakiyar kogi. Da yawa daga cikinsu ba su iya iyo ba. Shi dai ya fita. Har ya koma ga Allah bai ƙara cin kifi ba, ko na Dadin Kowa da ake kawowa ɗanye da safe, kuma in aka matsa masa da tambaya sai ya ce ya san abin da kifi ke ci. Abin da ya gani a garin Asaba kansa, inda sojojin tarayya suka kashe fararen hula masu ɗimbin yawa a wannan watan, bai taɓa buɗe baki a kai ba. In zance ya nufi can sai ya tashi ya ce lokacin salla ya yi.

To, ga abin da muke yi wa irin su Baba Soja a Gombe, da ma ƙasar baki ɗaya. Kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, sai a share fili, a jera kujeru, manya su zo cikin manyan riguna. A yi addu'a a masallacin Juma'a da coci. A ajiye furanni a gaban mutum-mutumi, a yi shiru na minti ɗaya, a busa bigila, a saki tattabaru. Kafin ranar an ƙaddamar da ɗan bajen tunawa da 'yan mazan jiya, an kira alkawuran kuɗi a lasifika, an tafa. A gefe guda kuma ga wasu dattawa 'yan ƙungiyar tsofaffin sojoji cikin kakin da ya koɗe, sun ƙame a rana suna sara wa mutanen da aka haifa bayan sun ajiye bindiga. Da azahar an kwashe kujeru. Dattijon nan ya nemi kuɗin Keke Napep ya koma Bolari ko Pantami ko Tumfure, da magariba ya ɗauki tocila ya tafi ƙofar gidan da yake gadi.

Mun fi son sojan da ya mutu, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mamaci ba ya tambayar fansho. Ba ya buƙatar ƙafar roba, ba ya farkawa da ihu ƙarfe biyun dare, ba ya marin matarsa don ta taɓa shi yana barci. Fure ɗaya a shekara ya ishe shi. Wanda ya dawo da rai shi ne matsala, shi muka bar wa matarsa da 'ya'yansa, muka kuma laƙaba masa sunan da zai sauke mana nauyi: ai taɓaɓɓe ne.

Mutanen wasu garuruwan suna iya cewa yaƙi labari ne a wurinsu. Mu mutanen Gombe ba mu da wannan uzurin. Duk wanda ya kai shekara ashirin da biyar a garin nan ya san abin da ya faru daga ƙarshen 2014 zuwa tsakiyar 2015. Bam ya tashi a tashar Gombe Line ranar 31 ga Oktoban 2014. Ya tashi a tashar Dukku ranar 22 ga Disamba. An shiga kamfanin siminti na Ashaka, an taɓa Nafada da Bajoga. A Yulin 2015, ana cefanen Sallah, aka tayar da bama-bamai a babbar kasuwa, mutane kusan hamsin suka rasu. A tsakiyar wannan duka akwai Asabar 14 ga Fabrairun 2015, ranar da aka so a yi zaɓe kafin a ɗage, da 'yan Boko Haram suka doso garin nan da motocinsu, suna harbi suna watsa takardun gargaɗi cewa kada kowa ya fita zaɓe. Na tuna yadda muka cusa yara a ƙarƙashin gado, ƙarar jirgin yaƙi na girgiza kwanon rufi, aka sa dokar hana fita ta awa ashirin da huɗu. A lokacin Bama da Gwoza suna hannunsu, Mubi ma ba a daɗe da ƙwato ta ba. Da sun shiga sun zauna, da mu ma mun zama 'yan gudun hijira a Bauchi da Jos, kamar yadda mutanen Borno da Yobe da Adamawa suka cika mana unguwanni. Wasu mutane ne masu uwa da uba suka tsaya a bakin gari suka hana. Ina tambayar mai karatu, tsakaninsa da Allah: ya san sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu? Ni ma da nake wannan faɗan, ba a koya mini ba, ban kuma nema ba sai da lokaci ya ƙure. Rundunar atilare ta 301 tana nan a garinmu, muna wucewa ta ƙofar barikin kullum, babu titi ko aji ɗaya na makaranta da ke ɗauke da tarihin wannan rana.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa yana Malam Sidi, cikin ƙaramar hukumar Kwami, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga tsakiyar gari. Tun 2016 gwamnatin tarayya ta buɗe sansanin gyaran halin tubabbun 'yan Boko Haram a can, a ƙarƙashin shirin Operation Safe Corridor. Ana ajiye mutum wata shida ko fiye. Akwai masana halayyar ɗan'adam da ke zama da shi su saurari abin da ya gani da abin da ya aikata. Akwai malaman addini, akwai masu raba shi da ƙwaya, akwai masu koya masa ɗinki ko walda ko kafinta ko aski ko haɗa takalmi. In ya gama a yi bikin yaye shi, ya yi rantsuwa, a miƙa shi ga jiharsa. A Yulin 2020 kaɗai an yaye mutum 601. Ba na cikin masu cewa a rufe wurin. Da yawa daga cikin yaran nan kama su aka yi aka tilasta musu, kuma yaƙi irin wannan ba ya ƙarewa sai an buɗe wa mai son fita ƙofa. Amma sansanin nan hujja ce a kanmu. Ya nuna hukuma ta san cewa wanda ya zauna cikin jini ba a cewa kawai ya je gida. Ta san ana buƙatar wata da watanni, da ƙwararru, da sana'a. Ta san hanyar, ta kuma kashe kuɗi a kai, a cikin jiharmu. Sai ga kofur ɗin da ya yi shekara huɗu ko biyar a ramin Malam Fatori ko Damasak yana fuskantar waɗannan mutanen, an ba shi fas na mako biyu, ya hau motar haya daga Maiduguri ya biyo ta Biu ko Potiskum, ya sauka a tasha da jakarsa, shi ke nan gyaran halinsa. Sojoji suna ganin wannan bambancin, suna kuma faɗinsa a tsakaninsu.

Cutar tana da suna. Likitoci na kiranta PTSD, wato firgicin da ke zauna wa mutum bayan ya tsallake wani mummunan tashin hankali. Jikinsa ya dawo gida amma ƙwaƙwalwarsa ta ƙi yarda an daina harbi. Ƙarar salansar babur ta jefa shi ƙasa, ƙaurin nama a tukubar mai tsire ya tayar masa da zuciya, barci ya gagara, in ya samu kuma mafarki ɗaya ke dawowa. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Fushi kan abin da bai kai ya kawo ba. Daga nan sai neman abin da zai kashe tunanin: wani giya, wani tiramol, wani maganin tari. Ana magance ta, ko aƙalla a sassauta, da zama da ƙwararre da magani da kuma iyalin da aka fahimtar da su abin da ke faruwa. Kuma ba cutar ragwaye ba ce. A Oktoban 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da masu wannan lalura ta rundunar soja a Abuja, Aisha Buhari ta faɗa a bainar jama'a cewa mijinta, janar kuma shugaban ƙasa a lokacin, ya yi shekaru yana fama da ita bayan yaƙin basasa da tsarewar da aka yi masa. A duba lissafin: yaƙin ya ƙare a 1970, harsashin cibiyar aka aza bayan shekara 52. A tsakani an yi Laberiya daga 1990, an yi Saliyo, inda ɗan kudancin jihar nan, Janar Timothy Shelpidi, ya jagoranci dakarun ECOMOG a 1998. An yi Darfur. Duk waɗanda suka dawo daga wuraren nan, da yawansu 'yan Billiri da Kaltungo da Tula da Cham da cikin garin Gombe, hanyar Baba Soja suka bi.

Sakamakon ma ba a ɓoye yake ba. A Fabrairun 2020 wani kofur a sansanin Malam Fatori ya buɗe wa abokan aikinsa wuta, ya kashe huɗu, ya kashe kansa. A Maris ɗin 2023 aka ga irinsa a Rabah ta jihar Sakkwato, har da kwamandan sansanin cikin waɗanda suka mutu. Waɗannan su ne suka kai ga jarida. Na cikin ɗaki, matan sojoji ne suka san su.

Wata ƙanwar matata tana auren soja. Bara ta zo gidanmu da yamma da goyo, ta zauna a tabarma ta kasa cin abinci. Na ji tana ce wa yayarta, "Yaya, wallahi ba shi ba ne. Mutumin da ya tafi ba shi ya dawo ba. In zan tashe shi sallar asuba, daga bakin ƙofa nake tsayawa in jefa masa filo." Aka kira babban wansu, ya zo ya saurara, ya ce, "Haƙuri za ki yi, aure ibada ne. Kuma ki rufa wa mijinki asiri, kada ki sa a ce ya haukace a kore shi daga aiki." An kai shi wajen ruƙiyya sau uku, an ce aljanin daji ne ya shige shi. An yi hayaƙi, an sha rubutu. Ban raina addu'a ba, ni ma ita nake yi. Amma da ƙafarsa ce ta karye, ba wanda zai tsaya a tofi kaɗai, da tuni an kai shi wajen mai ɗori ko asibiti. Garin nan yana da asibitin koyarwa na tarayya, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna, tun Janairun 2023 ma an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta zamanin Turawa. Abin da ya hana a kai shi kunya ce, tamu ta dangi. Mun gwammace a ce aljani ne, don aljani ba ya hana a auri 'yar gidan.

A nan nake ganin laifin malamanmu da fastocinmu. Shekara nawa muna jin huɗuba kan tsadar aure, kan siyasa, kan shigar 'yan mata, kan 'yan kalare. Ban taɓa zama a masallacin Juma'a na ji liman ya ce wa jama'a maƙwabcinku da ya dawo daga daji yana razana mara lafiya ne, ku kai shi asibiti, ku taimaki matarsa ba. Masu kuɗinmu kuma sun san amfanin tsohon soja sarai: in ana neman maigadi, shi ake fara nema, don ba ya barci. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa ba ya barcin. Ciwon nasa muka mayar abin haya, muna biyansa abin da bai kai kuɗin man janareto na mako ɗaya ba.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini. Zai ce sojan da ya sa mu tura babur a shingen bincike, ya sa dattijo tsallen kwaɗo a gaban 'ya'yansa, shi za a tausaya wa? Zai kawo Zariya a Disambar 2015, inda kwamitin binciken gwamnatin Kaduna ya tabbatar an binne gawa 347 a rami ɗaya. Zai kawo barikin Giwa na Maiduguri. Duk gaskiya ne, kuma wanda ya yi zalunci a hukunta shi, ko wane ne, daga mai ba da umarni zuwa mai danna kunama. Sai dai a lura, sojan da aka bari shekara biyar a daji ba canji, ba barci, ba wanda ya duba kansa, shi ne za a tsayar gobe a shingen hanyar Bauchi da bindiga a hannu. Ko don kanmu ya kamata mu damu da abin da ke cikin kansa.

Maganar kuɗi kuwa ta fi ƙarfin a kira ta sakaci. A 2014 sojojin da suka yi bore a Maiduguri kan rashin makamai an yanke wa gommai daga cikinsu hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara goma, ƙasa kuma ta wayi gari da badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai. Tsofaffin sojoji sun kwana a ƙofar Ma'aikatar Tsaro a Abuja a 2022, sun toshe ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Disambar 2024 da Janairun 2025, da tabarmi da sanduna, suna neman haƙƙin da doka ta riga ta ba su. Wato kwanaki kaɗan kafin a ajiye furannin 15 ga Janairu, mutanen da ake cewa ana girmamawa suna zaune a kan kwalta. Gwamnatin jiha za ta ce fansho na tarayya ne. Haka ne. Amma ɗaki biyu a asibitin jiha da likitan ƙwaƙwalwa ɗaya da aka keɓe wa tsofaffin sojoji da matansu ba ya buƙatar izinin Abuja. Rajistar matan da aka kashe wa maza a fagen daga, unguwa-unguwa, masu unguwanni ma za su iya haɗa ta cikin wata ɗaya. Gurbin karatu kyauta ga marayunsu a makarantun jiha bai kai kuɗin rumfunan biki ba.

Halin tsoho ne, mun gaje shi. Kakanninmu da Turawa suka kwasa zuwa Burma a yaƙin Hitila, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun bar mana sunayen wuraren da suka zubar da jini a jikin barikoki: Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Kalapanzin da Dalet a Kaduna. Sunayen dazuzzuka da kogunan sun zauna a allo, na mutanen sun tafi. Ko a Bormi, kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903 tare da ɗaruruwan mutanensa, sunan Baturen da aka kashe a ranar, Manjo Marsh, ya fi na yawancinsu sanuwa.

Baba Soja ya rasu da damina, aka yi masa salla bayan la'asar, ba mu cika sahu biyu ba. Babu bigila, babu tuta. Bayan addu'ar bakwai matarsa ta aiko a kira ni, don an ce mata ina karanta Turanci. Ta jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da leda da aka naɗe cikin wata ledar. Akwai lambobin yabo guda biyu da suka yi tsatsa, da takardar sallama da ta rabu huɗu wajen ninki, da hotunan fasfo kusan goma na shekaru daban-daban, a kowanne ya fi na baya tsufa. Ta miƙo mini takardar da ta fi sabunta da hannu biyu.

"Ɗan nan, duba mini wannan. Ita ce ta kuɗin?"

Na karanta sau biyu. Na ce, "A'a, Inna. Ta tantancewa ce. Sun ce ya je da kansa, ya tafi da hoto biyu."